Rediyon Tauraron Ɗan Adam a Kan Babur: Magana Tana Fita, Kiɗa Kuwa Sai a Hankali

Masu tambayata ko ya kamata su biya kuɗin rediyon tauraron ɗan adam a kan babban babur a nan Amurka, amsar tana ga abin da kunnenka ke so da kuma inda ka nufa. Ni a Houston nake, babur ɗina na doguwar tafiya ne, mai akwatuna a gefe da sifiku biyu a gaba, kuma da rediyon a jikinsa na saye shi. An ba ni watannin gwaji kyauta, da suka ƙare na ci gaba da biya.

Bari in fara da inda bai yi mini ba. In babur yana tsaye a gareji, ka kunna waƙa ta tauraro, sannan ka kunna ita wannan waƙar daga wayarka, ba sai kana makaɗi ba za ka ji bambanci. Ganga ba ta da nauyi. Siririn sautin nan na sama, irin na faifan tagullar da mai ganga ke bugawa, yana fita da shuu-shuu kamar an yayyafa ruwa a kaskon suya. Har FM mai kyau ta cikin gari ta fi shi cika kunne.

Wannan ba laifin sifika ba ne, tun daga tushe abin yake. Zangon da hukumar sadarwa ta Amurka ta ware wa wannan harka a 1997 megahaz 25 ne kacal, a wajajen gigahaz 2.3, aka raba shi biyu tsakanin kamfanoni biyu. Ɗaya ya fara aiki a 2001, ɗayan a 2002, suka haɗe a 2008. A cikin wannan ɗan fili ake cusa tashoshi fiye da ɗari, don haka dole a matse sautin kowace tasha, a zubar da wani abu daga ciki kafin a harba shi sama. Wani abokin tafiyata ya zuba kuɗi ya canza sifiku, ya ƙara amfulifaya, wai zai gyara. Waƙoƙin wayarsa suka yi kyau ƙwarai, na tauraro kuwa sai ma aibinsu ya ƙara fitowa fili. Abin da aka yar tun a can, babu sifikar da za ta dawo da shi.

To amma wa ya sayi babur don ya saurare shi a gareji? Da ka hau babbar hanya ka kai mil 70 a awa, lissafi ya canza. Iska na dukan hular kwano, salansa na kuka, tirela na wucewa ta gefenka. Nauyin gangar da nake ta ƙorafi a kai, ko daga waya ne iska ce ke fara cinye shi. Abin da ke tsira shi ne tsakiyar sauti, wato muryar mutum, kuma nan ne wannan rediyo ya iya aikinsa. Labarai, sharhin ƙwallo, hira, BBC ta Turanci, duk suna fita tangaram, musamman in ka kunna tsarin nan da ke ƙara murya da kansa in gudu ya ƙaru. Ni ina sa abin toshe kunne, kuma abin mamaki, da shi na fi jin magana.

Inda ya ci kuɗinsa a wurina shi ne hanyar I-10, daga San Antonio zuwa El Paso, tafiyar mil 550 ko kusa da haka. Akwai wuraren da doka ta yarda ka yi mil 80 a awa, ba gari, ba bishiya, sai duwatsu da rana. FM ta daɗe da ɗaukewa, sabis ɗin waya yana zuwa yana tafiya, amma tashar da na kama tun daga gida ita ce a kunnena har na isa. Mu da muka tashi da gajeren zango, muna murɗa eriya da asuba muna neman Sashen Hausa a cikin shaa-shaa, mun san darajar wannan. Wasu ma za su tuna WorldSpace, wadda ta harba tauraronta AfriStar a 1998 don Afirka, kafin ta durƙushe a 2008. Dabarar ɗaya ce. Sai dai a nan babu tashar Hausa ko ɗaya, wannan kam sai ta waya.

Yankewarsa ba irin ta FM ba ce mai raguwa a hankali. Ɗif yake yi, sannan ya dawo. Taurarin suna ta kudu, a saman layin da ya raba duniya biyu, saboda haka eriya tana son sararin kudu a buɗe. Cikin Houston da wuya ya yanke, don akwai na'urorin ƙasa masu maimaita sigina. A dazuzzukan gabashin Texas masu dogayen bishiyoyi ne yake yi mini gardama, da kuma in na tsaya ƙarƙashin rumfar gidan mai. Eriyar ɗan ƙaramin abu ce, ka duba inda aka ɗaura ta. In jakar kaya ko jikinka ya tare ta, za ka yi ta zargin tauraro a banza.

Mai yawo cikin gari da babur, ya bar kuɗinsa a aljihu, wayarsa ta ishe shi. Ni waƙoƙina na sauke su a waya, ta Bluetooth nake jin su a sifikun cikin hula. Tauraro na bar wa labarai da ƙwallo da tafiyar yamma, kuma in hunturu ya shigo na rage hawa, nakan dakatar da biyan sai bazara.