Ƙarfen duba mata na Sims: wanne za a saya a Jos, da yadda ya kamata a riƙe shi

Duk ungozoma ko nas da ta yi aiki da masu yoyon fitsari ta san sifekulum na Sims: ƙarfe guda mai lanƙwasa, baki biyu kamar na agwagwa, ɗaya ya ɗan fi ɗaya faɗi. A shagunan kayan asibiti na cikin garin Jos ana samun ƙarami, matsakaici da babba. Ga ƙaramin asibiti, matsakaici biyu da ƙarami ɗaya sun isa a fara.

Wajen neman ɓular yoyon fitsari ya fi na Cusco, wato ƙarfen duba mata mai buɗe gaba da baya a tare, nesa ba kusa ba, domin bangon farji na baya kaɗai yake dannewa, ya bar na gaba, inda mafitsara take, a fili. Mace za ta kwanta ta gefen hagu ta naɗe gwiwar dama, a sa robar fitsari, a ɗura shuɗin ruwa cikin mafitsara, a ga inda yake ɓullowa. Aibinsa ɗaya: ba ya tsayawa da kansa, sai da mai riƙewa.

A yi hattara da mai arha, wanda aka shafa wa ƙyalli a sama kawai. Kafin a biya kuɗi a goga auduga a gefen bakinsa; in ta maƙale, a bar musu kayansu, don haka zai yi wa fatar mace. In ana jiƙa kaya a ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.5 cikin 100, kada ya wuce minti 10. Barinsa ya kwana a ciki ne ke kawo tsatsa, ko da mai tsada ne. Sai a wanke, a tafasa minti 20, ko a turara a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta a zafin digiri 121, minti 30 in a naɗe yake.

Sunan da ke jikinsa kuwa ba na alheri ba ne. Likita J. Marion Sims ya ƙago shi ne a Montgomery ta jihar Alabama a Amurka, da cokalin da ya lanƙwasa, ya kuma gwada shi tsakanin 1845 da 1849 a jikin bayi mata baƙar fata da iyayen gijinsu suka miƙa masa. Sunan uku ne ya iso gare mu: Anarcha, Betsey da Lucy. Anarcha, wadda doguwar naƙuda ta ɓula tana budurwa, an yanka ta kusan sau 30 ba allurar kashe zafi. Baiwa ba ta da bakin cewa a'a, ga likita ko ga maigida. Tun 1662 dokar Bajiniya, wani yanki na Amurka, ta ce ɗa matsayin uwarsa yake bi, don haka wanda ya yi wa baiwarsa fyaɗe dukiyarsa ce ta ƙaru. A 2018 aka sauke gunkin Sims a birnin New York, amma camfin cewa baƙar mace ba ta jin zafi sosai bai sauka tare da shi ba. Har yau matan baƙar fata a Amurka sun ninka farare kusan sau uku wajen mutuwar haihuwa.

Mu ma nan, tsawar “ke, buɗe mana!” ba baƙuwa ba ce a ɗakin haihuwa. A nuna wa mace ƙarfen tukuna, a ce: “Hajiya, zan sa wannan, in kin ji zafi ki ce in tsaya.” In ta ce a tsaya, a tsaya. Da sanyin Jos ƙarfen kamar ƙanƙara yake, sai a ɗumama shi a ruwan ɗumi mai tsabta, a shafa man santsi. Wadda aka yi wa fyaɗe ba a sa mata sai da buƙata kuma da yardarta. Yarinyar da ba ta balaga ba kuwa ba a sa mata sam, sai in jini ya tilasta, shi ma a ɗakin tiyata bayan allurar barci.