Makero ko Maruru: Wane Magani Ya Kamata Ka Saya a Kemis?

Yawancin masu zuwa kemis da matsalar fata abu guda suke nema, wato maganin ƙwayoyin cuta, alhali ƙwayoyin da ke kama fata ba jinsi ɗaya ba ne. Makero da kyasbi aikin dangin fumfuna ne, maruru da ƙurajen da ke tara mugunya kuwa galibi bakteriya ce ke kawo su, kuma maganin wannan ba ya taɓa wancan.

Dalilin yana cikin halittar jikinsu. Penicillin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928, da danginsa irin su amoxicillin da Ampiclox, suna hana bakteriya gina bangon da ke kare ta, har ta fashe ta mutu. Fumfuna ba ta da irin wannan bango; hasali ma daga wata fumfuna aka fara samo penicillin ɗin. Saboda haka wanda ya sha kafso domin makero ya yi asarar kuɗinsa, ya kuma bai wa bakteriyar jikinsa damar sabawa da maganin, ta yadda ranar da ake buƙatarsa da gaske zai iya ƙin yin aiki.

Idan tabon zagayayye ne, bakinsa ya ɗan tasa yana ɓarewa, tsakiyarsa kuma ta fara washewa, to alamar makero ce, kuma zaɓin yana tsakanin man shafawa na clotrimazole da na terbinafine. Dukansu suna hana fumfuna haɗa ergosterol, wani sinadari mai maiƙo da fatar ƙwayarta ba ta tsayuwa sai da shi, wanda kuma babu shi a jikin ɗan Adam. Clotrimazole ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin samu, amma yana buƙatar haƙuri: shafawa sau biyu a rana na mako 2 zuwa 4. Terbinafine ya fi tsada, sai dai yakan kashe makero cikin mako 1 zuwa 2, kuma a ganina shi ya fi dacewa da wanda ya san da wuya ya jure shafa magani har wata guda.

Makeron kan yara lamarinsa daban ne, domin ciwon ya shige cikin gashi inda man shafawa ba ya kaiwa. Wannan sai maganin sha, kamar griseofulvin na mako 6 zuwa 8 tare da abinci mai maiƙo, kuma likita ne zai tsara shi gwargwadon nauyin yaro.

Abin da na fi jin tsoro shi ne man nan mai haɗi uku, wanda ya ƙunshi maganin fumfuna da na bakteriya da kuma betamethasone ko clobetasol. Ƙaiƙayi yakan kwanta nan da nan, shi ya sa yake da kasuwa, amma sinadarin na uku yana danne garkuwar fata, sai makeron ya bazu a ɓoye, fatar kuma ta yi siriri idan aka daɗe ana shafawa. Bai kamata a shafa shi a fuska ko a jikin jariri ba tare da umarnin likita ba.

Kafin ka biya, ka karanta sunayen sinadaran da ke jikin kwali, ka duba lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewar maganin. Idan kuwa wurin ya kumbura, yana zafi, ko zazzaɓi ya biyo baya, asibiti za a nufa kai tsaye.