Jaket mai gashin agwagwa ko ulu da rigar ruwa, ga mai zuwa Tromso

Ƙanwata barka da samun gurbin karatu a jami'ar Tromso da ke arewacin ƙasar Norway, Allah ya sanya albarka. Tsakanin ƙaton jaket ɗin nan mai gashin agwagwa da suwaitar ulu haɗe da rigar ruwa, ni dai ulun zan ce ki saya.

Mutane da sun ji garin yana arewa da layin Aktik, wato inda yankin ƙanƙara na arewacin duniya ya fara, da kusan kilomita 350 sai su ɗauka sanyin kisa ne, alhali a bakin teku yake kuma ruwan ɗumi da ke tahowa ta Atilantika yana sassauta shi, a Janairu matsakaicin sanyin wajen -4 ne, mafi tsananin da aka taɓa aunawa ma -18 ne da 'yan kai. Abin da ke ba mutum wahala jiƙa ce. Yau dusar ƙanƙara, gobe ruwan sama a kanta, jibi titi ya daskare kamar an shafa mai. Kuma abin ƙaruwa yake yi, tunda masana sun ce daga 1979 zuwa yanzu yankin Aktik yana ɗumama kusan ninki huɗu fiye da sauran duniya. Makiyayan ƙabilar Sami, 'yan asalin yankin, su ma kuka suke wallahi, ruwa ya sauka kan dusa ya daskare sai dabbobinsu su kasa tono abincin da ke ƙasa.

Suwaitata ta ulu har yau ina sa mata albarka. Wata safiya ina jiran bas ga iska ga ruwa, har ya samu hanya ta wuya ya gangara min baya, ulun ya jiƙe amma ɗuminsa bai tafi ba, ina shiga aji na cire rigar ruwan na rataye, kafin a tashi darasi suwaitar ta bushe a jikina. Ki sa siririn ulu a jikin fata, suwaita a kai, rigar ruwa mai hula a sama, kina shiga ɗumi ki rage ɗaya. Auduga kam kar ki bari ta taɓa fatarki, gumi take riƙewa ta sanyaya ki.

Na gashin agwagwa yana da ɗumi ba ƙarya, in Karasjok ko Kautokeino za ki, garuruwan Norway da ke nesa da teku inda -30 ba labari ba ne, to shi ne. A Tromso da ya jiƙe gashin ya dunƙule shi ke nan, nawa dai yana can rataye.

Sannan ki yi hattara da masu talla a intanet, za su manna tambarin babban kamfani su rubuta gashi 90 cikin 100 alhali tarkacen soso ne a ciki, ulun ma rabinsa roba. Ki duba takardar da ke ɗinke ta ciki, kuma kar ki tura kuɗi ba ki taɓa kayan da hannunki ba. Ki taho da abin da zai kai ki masauki kawai, sauran ki saya can, akwai gwanjo mai kyau a shagunan Fretex da shafin Finn.no. Ki haɗa da ƙarafunan da ake maƙalawa ƙasan takalmi saboda santsi da ɗan abin walƙiya na ratayawa a riga don direbobi su gan ki, daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa sam.