Ƙaramin rediyo mai sola: yadda ya yi a Kano a 2024

A 2024 mutumin Kano bai samu sararin kashe rediyo ba. Ranar 12 ga Janairu Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Abba Kabir Yusuf kujerarsa ta gwamna. A watan Mayu aka soke dokar masarautu ta 2019, aka mayar da Muhammadu Sanusi II. Ranar 1 ga Agusta zanga-zangar tsadar rayuwa ta jawo dokar hana fita. Sai Oktoba, watan da Ahmed Musa ya dawo Kano Pillars ya zura wa Sunshine Stars ƙwallo biyu a filin Sani Abacha, shi ne kuma watan da Arewa ta kwashe sama da mako babu wutar lantarki. A duhun nan ne ƙananan rediyon sola da suka cika kasuwa suka nuna halinsu.

Wajen kama FM a cikin gari ba su da laifi. Freedom a 99.5, Rahma a 97.3, Arewa a 93.1, duk tangaran. Tashoshin da ke kusa da juna a kan ma'auni ne ke hawa kan juna, musamman a rediyon da ake murɗa allura da hannu. Mai allon lamba ya fi dacewa da garin da tashoshi suka yi yawa haka.

Solar ce abin dubawa. Farantin da ke manne a baya da wuya ya wuce wat 1, wato kimanin 200mA a tsakar rana. Batirin 18650 (wani nau'in batirin lithium mai caji) mai 1200mAh zai ci awa shida zuwa bakwai kafin ya cika, shi ma in babu hazo. To a bar rediyon roba da batirin lithium cikin rana a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40? Batirin ne zai fara mutuwa. A nemi wanda farantinsa ke cirewa da doguwar waya, rediyon na inuwa, farantin na rana. Kada kuma a yarda da 9900mAh da ake rubutawa a jikin batiri, 18650 na ƙwarai ma bai cika wuce 3500 ba.

Tocila da sifikar Bluetooth ado ne mai shan caji. Ramin caji na micro-USB shi ke fara sakewa, eriya kuma ta karye a gindi. Ƙarar "ƙirr" wajen ƙara murya ƙurar hunturu ce ta shiga mamurɗin, mai gyara zai wanke shi cikin minti biyar.

Mai jin BBC ta gajeren zango ya cire caja, ya matsa nesa da ƙwan LED, su ke kawo shuu ɗin. Kafin a biya kuɗi a buɗe murfin baya. In batirin na cirewa ne a saya, in an manne shi da dalma a ajiye musu abinsu.