GARGAƊI: Masu sayar da "cikakken kit" na ban-ruwan lambu mai sola, a duba kafin a tura kuɗi

Jama'a masu lambu da masu haɗa na'urar ban-ruwa da hannunsu, a yi hattara. Akwai 'yan kasuwar intanet da ke tallar kayan haɗi a dunƙule: farantin sola, batir, kwantirola (mai daidaita cajin batir), famfo mai volt 12, bawul (mai buɗe ruwa da rufe shi), rile (makunnin da allo ke sarrafawa) da allon ESP32 ko Arduino (ƙaramar kwamfutar da ke ba na'urar umarni), a farashin da ko faranti da batir na gaskiya ba zai saya ba. Bidiyon da suke sakawa a Facebook da WhatsApp yana nuna ruwa na tsartuwa daga tiyo, sai a ce ka biya duka, a ba direba a tasha. Kayan sukan iso, ba a nan cutar take ba. Cutar tana cikin lambobin da aka manna a jikinsu, kuma ba ta bayyana sai bayan kwana uku ko huɗu, lokacin da batir ya ƙare, tumatir ya fara yaushi, mai kaya kuma ya ce ai hazon hunturu ne ya rufe rana.

Kafin ka saurari kowa, lissafa abin da na'urarka ke ci. Ƙaramin famfon volt 12 yakan ja kusan amp 4. In zai yi awa ɗaya a rana, 4Ah ke nan (Ah shi ne amp sau awa, ma'aunin cajin da batir ke ɗauka). Bawul mai jan rabin amp ya ƙara 0.5Ah. Allon ESP32 da ba ya barci, Wi-Fi a kunne dare da rana, zai ci kusan 1Ah. Jimla wajen 6Ah a rana. Batirin dalma ba a shanye shi fiye da rabi, don haka in kana son ya ɗauke ka kwana biyu ba rana, 24Ah kake nema. Farantin wat 30 zuwa 40 na gaskiya ya isa ya cika wannan. Wato ba ka ma buƙatar "wat 150" ɗin da ake yi maka romon baka da shi.

A kan faranti aka fi cin mutane. Hasken rana mai ƙarfi yana sauke kusan wat 1000 a kan murabba'in mita ɗaya, faranti mai kyau kuma kashi 20 cikin 100 yake iya kamawa, ko sama da haka kaɗan. Saboda haka farantin wat 100 dole ya kai rabin murabba'in mita, kamar santimita 100 a tsawo, 50 a faɗi. In an kawo maka mai 60 da 35 an rubuta masa 100W, wat 30 zuwa 40 ne aka sauya wa takarda. Dabararsu ita ce su ɗora mitar awon wuta a nuna maka volt 20, su ce ka gani da idonka. Volt ba ya nuna girma, farantin wat 10 ma haka zai nuna. Amp za ka auna: mayar da mita kan 10A, ka fita tsakar rana, ka haɗa wayoyi biyu na farantin da mitar na daƙiƙa kaɗan. Na wat 100 irin na batirin volt 12 zai ba da amp 5 zuwa 6. In ka ga 2, ka san abin da ka saya.

Batir kuwa sikeli ne alƙalinsa, domin dalma ba ta ɓoye nauyinta. Mai 7Ah yana da kilo 2 da 'yar ɗoriya, mai 20Ah wajen kilo 6. Wanda aka rubuta wa 20Ah amma kilo 3 ne, ƙarya ce tsagwaronta. Akwai kuma tsohon batir da aka wanke aka yi wa caji, ya nuna 12.7 a mita kamar sabo. Haɗa masa ƙwan fitilar mota mai wat 55, in volt ya faɗi ƙasa da 12 cikin 'yan mintuna, ya mutu. Ƙananan batiran lithium da ake kira 18650 ma haka: na gaskiya ba ya wuce wajen 3500mAh, nauyinsa giram 45 zuwa 48. Duk mai ɗauke da 9800mAh jabu ne, kuma irinsu ne ba a so a bari cikin akwatin da rana ke gasawa.

Kwantirolar da aka rubuta wa MPPT (nau'i mai tsada, da ya fi tatsar wuta daga faranti) amma ba ta da nauyi a hannu, ba kuma babban naɗin waya a cikinta, PWM ce, wato nau'i mai araha. Ga ƙaramin aiki irin wannan PWM ta wadatar, sai dai kada ka biya kuɗin doki a ba ka jaki.

Sai bawul, kuma nan ko mai gaskiya yakan yi kuskure, balle wanda bai taɓa haɗa komai ba. Farin bawul ɗin roba mai volt 12 da suke sakawa yana buƙatar matsin ruwa aƙalla 0.02MPa kafin ya buɗe, wato ruwan tanki ya fi bawul tsawo da mita 2. Tankin da ke kan bulo uku ba zai buɗe shi ba, sai ka ji "ƙas" amma ruwa na ɗiga kawai. Mai irin wannan tanki bawul mai ƙaramin mota a ciki ya kamace shi, wanda ba ruwansa da matsi. A duba rubutun jikin ma da kyau, domin wasu na 24V AC ne, wato wuta mai juyawa irin ta gida, batir ba zai tafiyar da su yadda ya kamata ba.

Kit ɗin nan ba ya zuwa da dayod (mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) ko fis. Sa dayod mai lamba 1N4007 a kan wayoyin farin bawul ɗin, zoben jikinsa yana fuskantar wayar +, in ba haka ba duk kashewar bawul sai ta mayar da wuta baya, allon ya riƙa tashi daga farko. Fis na amp 10 ya zauna dab da kan batir. Kada a ba ESP32 volt 12 kai tsaye. A rage da ƙaramin allon rage volt mai suna LM2596 zuwa volt 5, a kuma saita shi da mita kafin a haɗa allon. Wayar da suke haɗowa da ita ka kankare ta da reza: in fari ya fito ƙarƙashin jan, alminiyom ce aka shafa wa tagulla, za ta cinye volt kafin ya kai famfo. Ma'aunin danshi mai ƙafa biyu na ƙarfe tsirara yakan yi tsatsa cikin makonni, ya riƙa cewa ƙasa ta bushe, famfo ya yi ta aiki har batir ya durƙushe.

Kafin ka tura ko kwabo, ka ce a yi maka bidiyo a take: tef ɗin awo a kan faranti, batir a kan sikeli, mita na nuna amp a rana. In kana da ɗan'uwa a garin, ya je da mitarsa ya auna. Wanda ya ce kaya a rufe suke ba a buɗewa, ko ya ce saura biyu ka yi sauri, ka bar masa kayansa.