ThinkPad T430 ta hannu: abin da na gani da ita a wajen aiki da kuma wajen rage ƙiba

Masu yawan tambayata wace laftof ya kamata mutum ya saya in kuɗinsa ba su kai na sabuwa ba, kuma aikin nasa bai wuce Word da Excel da imel da ɗan mitin na Zoom ba, to ga amsata tun daga farko: Lenovo ThinkPad T430, ta hannu, irin wacce 'yan kasuwa ke ce ma tokumbo. Ita nake amfani da ita, da ita nake neman abincina, kuma zan faɗi alherinta da naƙasunta duka don kar wani ya je ya zuba kuɗinsa ya dawo yana cewa ni na sa shi.

Ni dai aikina lissafin kuɗi ne a wata makaranta mai zaman kanta a nan Kano, kuɗin makarantar yara, albashin malamai, wanda ya biya rabi da wanda ya ce sai ƙarshen wata, duk a Excel nake riƙe su, da daddare kuma in karɓi taifin furojet na ɗaliban jami'a da na kwaleji in ɗan samu na cefane. To ka ga ba wasan gem nake ba, ba haɗa bidiyo nake ba, abin da nake buƙata kawai na'urar da za ta tashi da wuri, ta jure zafi da ƙura, kuma in ta samu matsala a samu mai gyara da kayan gyara ba sai an yi odar su daga waje ba.

A wani shago a Farm Centre na saye ta, kuma yaron shagon ya kyauta min gaskiya, don shi ya hana ni ɗaukar wata siririya mai sheƙi da idona ya fara sauka a kai. Ya ce "Hajiya waccan kyau ne kawai, ram ɗinta a manne yake ba a ƙarawa, wannan baƙar kuwa ko jikokinki sa gaje ta." Na ce to ƙanena in ta ba ni matsala wajenka zan dawo fa, ya ce ya yarda.

T430 ta fito ne a 2012, saboda haka kar wanda ya ruɗe ka da cewa sabon yayi ce. Sunan ThinkPad ɗin ma na IBM ne tun 1992 kafin Lenovo ta sayi ɓangaren kwamfutocinsu a 2005, kuma dama can don ma'aikatu da bankuna aka ƙera su, shi ya sa in kamfanonin Turai da Amurka suka canja kaya sai a kwaso su da yawa su ƙare a kasuwanninmu. Tawa Core i5-3320M ce a ciki, zubi na uku na Intel, sikirin inci 14. Da had disk ɗinta na asali ta zo da ram 4GB, wato ƙwaƙwalwar da take riƙe aikin da ke buɗe da ita, kuma a haka wallahi sai ka kunna ta ka je ka ɗora ruwan shayi ka dawo tana nan tana juyawa. Abu biyu aka yi mata a shagon kafin in taho: aka cire had disk aka sa SSD, wato ma'ajiyar bayanai ta zamani da ta fi had disk sauri, aka ƙara ram ya zama 8GB. Shi kenan fa, ta zama wata na'urar daban, cikin daƙiƙu take tashi, fayil ɗin albashi mai shafuka da yawa yana buɗewa ba wani jira. Gurbin ram biyu gare ta, ɗaya ta ƙasa ɗaya a ƙarƙashin kibod, tana ɗaukar har 16GB in mutum yana da hali. Ni shawarata, in kuɗinka ba za su isa laftof ɗin da SSD a tare ba to ka ƙara haƙuri ka tara, don in babu SSD duk yabon da nake mata bai shafe ka ba.

Abin da ya fi kama raina kibod ɗin ne, kuma wanda bai taɓa zama ya buga shafi hamsin a dare ɗaya ba ba zai gane me nake nufi ba. Madannan suna da zurfi, suna da ɗan lanƙwasa da ke karɓar yatsa, ba sa ƙara, ba sa sa gaɓoɓin hannu ciwo kamar na waɗannan siraran da kake ji kamar kana buga tebur. Akwai ɗan jan maɓallin nan a tsakiya da suke kira TrackPoint, da farko ban kula shi ba, yanzu kuwa a Excel ba na ɗaga hannu daga kan haruffa sam. Sannan akwai wata 'yar fitila a saman sikirin da ke haska kibod, ka danna Fn da dogon madannin nan na tazara sai ta kama, to a garin da ake ɗauke wuta ba sallama wannan ba ƙaramin abu ba ne, yara na barci ni ina aikina ba sai na kunna tocilan na tashe su ba. Tana da ramin VGA, wanda shi ne majigin makarantarmu ke amfani da shi, da USB 3.0 guda biyu, amma ba ta da HDMI, Mini DisplayPort gare ta, sai ka sayi ɗan adafta in za ka haɗa da talabijin.

Ta ɓangaren gyara kuwa kamar Fijo 504 take a zamaninta, kowane mai gyara ya san cikinta, kibod, fanka, caja, murfi, duk ana samu a kasuwa da sauƙi.

Yanzu naƙasu. Sikirin ɗinta ba shi da kyau, wannan ba a ɓoye yake ba. Akwai mai 1366x768 akwai mai 1600x900, in ka samu na biyun ka ɗauka don ya fi nuna layukan Excel da yawa, amma dukkansu hasken bai kai ba, in ka ɗan karkata launi ya canja, a tsakar gida da rana kuwa kar ma ka fara. Tana da nauyi, ta haura kilo 2 ban da caja, in ka rataya ta daga gida zuwa bakin titi ka hau adaidaita za ka san ka ɗauko kaya. Lasifikarta sama-sama ce, kyamarar ma dai ta mitin ce kawai. Lokacin zafin Afrilu fankarta na tashi sosai, bayan hunturu kuma dole a kai a buɗe a hure ƙurar a canja man nan da ake shafa wa furosesa, in ba haka ba za ta dinga ɗaukar zafi tana rage gudu. Batir kuma a kula: wannan zubin yana tantance batirin da aka sa masa, in ba na asali ba ne yana iya rubuto maka cewa bai san shi ba kuma ya ƙi caji, don haka in za ka sayi batir ka tafi da laftof ɗin a sa a gabanka ka ga yana hawa kafin ka biya. Akwai mai sel 6 akwai mai sel 9 da ke ɗan turowa ta baya, na ƙarshen ya fi daɗewa amma ya ƙara nauyi.

To ina maganar rage ƙiba ta shigo? Ta nan ta shigo: tunda na samu na'urar da ba ta ba ni wahala sai aikin taifin ya ƙaru, zama ya ƙaru, daga kujerar ofis zuwa tabarmar ɗaki, ga shayi mai kauri da madara a gefe, ga cincin, ga lemon roba mai sanyi saboda zafi. Gwiwoyina suka fara ciwo, in na hau bene sai haki. Da na je asibiti likita ta auna ni ta ce "Hajiya jininki ya fara hawa, sugan ma yana bakin iyaka, kin ga tun yanzu ya kamata a tare shi." Ta yi min lissafin nan na BMI, wato a raba nauyinka na kilo da tsawonka na mita sau kansa, daga 25 an shiga nauyin da ya wuce kima, daga 30 kuma ƙiba ce sosai, ni kuwa na taɓa 30 ɗin. Hankalina ya tashi ƙwarai, don mahaifiyata da ciwon suga ta yi fama har ƙarshen rayuwarta, Allah ya jiƙanta, na san abin da yake yi wa mutum, na ga allurar, na ga ƙafar da ba ta warkewa.

Likitar ba ta ce in daina cin komai ba, cewa ta yi in fara rubuta duk abin da ya shiga bakina. Na gwada manhajojin waya, amma yawancinsu abincin Turawa suka fi sani kuma komai sai a giram, ni kuwa malmala na sani da ludayi da cokali, ina zan auna ɗanwake a sikeli da safe ina shirin fita aiki. Sai kawai na buɗe sabon fayil a Excel ɗin da nake lissafin kuɗin mutane da shi, na yi gurbin rana, gurbin abin da na ci, yawansa da ma'aunin gidanmu, lokacin da na ci, sai gurbin nauyi da nake cikewa duk Juma'a da safe. Kuma tunda laftof ɗin kullum tana gabana a buɗe, ba na mantawa.

Abin da fayil ɗin ya nuna min ya ba ni mamaki, ashe tuwon da nake zargi ba shi ne babban mai laifin ba. Abin sha ne da ɗan taɓe-taɓen da nake yi ina taifin bayan isha'i. Lemon kwalba irin su kok yana da suga wajen giram 10 a kowane mililita 100, kenan robar 50cl ɗaya ta haura giram 50, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ba da shawarar babba kar ya wuce kimanin giram 50 ɗin nan a yini gaba ɗaya, wajen ƙaramin cokali 12, in ma da hali ya tsaya a rabin haka. Ni kuwa ga lemo ga shayi mai cokali uku ga kunun zaƙi, duk a rana ɗaya. Ganin abin a jere a layi, ranar Litinin kaza Talata kaza, ya fi min wa'azin kowa tasiri, don lissafi ne aikina kuma na san lamba ba ta ƙarya.

Daga nan na fara canji a hankali. Zoɓo nake dafawa da citta da kanumfari ba suga, da farko da ƙyar yake wucewa yanzu na saba. Malmala biyu ta koma ɗaya, miyar na ƙara mata ganye, kuka, kuɓewa, alayyahu. Da daddare in aikin ya yi tsawo kwaɗon zogale nake ajiyewa a gefe ko gurji da ɗan ƙuli, ranar da na samu acca in yi fatenta. Azumin Litinin da Alhamis dama ina yi jefi-jefi, yanzu na riƙe shi, sai dai na daina rama abin da na rasa da soye-soye in an sha ruwa. Masu tallan shayin rage tumbi kuwa sun sha turo min saƙo, likitar ta ce in rabu da su, yawanci gudawa kawai suke sa mutum ya ga kamar ya faɗa, na kuwa rabu da su. Tafiya ma na saka mata gurbi a fayil ɗin, tunda abin da ake so shi ne aƙalla minti 150 a sati, ni bayan sallar asuba nake zagaya unguwa da wata maƙwabciyata kafin rana ta fito. Sannan da daddare na koma cire caja in yi aiki da batir, in ya yi ƙasa to lokacin tashi ya yi, in miƙe in zaga tsakar gida in sha ruwa kafin in dawo. Nauyin yana sauka sannu-sannu, ba wani abin a zo a gani ba, amma layin da Excel ke zana min ƙasa yake kallo, gwiwar ta yi sauƙi, kuma awon jinin da aka yi min na baya-bayan nan likita ta ji daɗinsa, alhamdulillahi.

Akwai magana ɗaya mai muhimmanci da dole mai saye ya sani. Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma T430 ba ta cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su a hukumance, don ana buƙatar wani ɗan ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0 da furosesar Intel zubi na takwas zuwa sama. Masu gyara suna da dabarar da suke ɗora ta a haka, tana kuma aiki, amma ni da nake riƙe da bayanan kuɗin mutane abin yana damuna. Wani ɗan yayata ya sa min Linux Mint, wata manhaja da ke maye gurbin Windows, a filashi na gwada, ta yi gudu sosai a kanta, kuma LibreOffice, madadin Word da Excel da ke cikinta, ya buɗe fayilolina har da na abincin, sai dai wasu tsare-tsaren Word na furojet ɗin ɗalibai suna ɗan gocewa, shi ya sa ban koma gaba ɗaya ba tukuna. Wanda ke da ƙarin kuɗi kuma lallai Windows 11 yake so, ya nemi T480 mai zubi na takwas. Mai haɗa bidiyo ko zanen gini kuma wannan ba tasa ba ce, kar ya wahalar da kansa.

In ka je saye, kar kunya ta hana ka zama ka duba. Ka kashe ta ka kunna, ka danna F1 ka shiga BIOS, wato shafin saitin na'urar da ke fitowa kafin Windows ta tashi, ka tabbatar ba a kulle ta da fasuwod ba, don kullen ThinkPad ba ya cirewa da sauƙi kuma wasu daga ma'aikatu suke zuwa a kulle. Ka buɗe Word ka danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya, ka sa filashi a duk ramukan USB, ka buɗe murfin ka rufe ka ji ko maƙallan sun saki, ka sa farin shafi ka duba tabo a sikirin, ka haɗa ta da hotspot ɗin wayarka ka ga wayales na kamawa. Cajar ta zama mai zagayen baki ta 20V, 65W ko 90W, kuma ka cire ta ka zauna ko minti ashirin ne ka ga yadda batirin ke sauka. Farashi ban faɗa ba don yana bin dala ne, na wancan watan ba shi ne na wannan ba, ka dai zaga shago uku ko huɗu kafin ka tsaya, kuma ka sa a rubuta maka garantin ko na sati ɗaya ne a jikin rasit tare da lambar na'urar.