Sharhi kan aikin gareji: gyaran BMW 335i mai injin N54 kafin a ƙara mata ƙarfi

Motar da aka yi wa aikin BMW 335i ce ƙirar 2008, mai giya otomatik, ta haura kilomita 150,000. Garejin kuwa ƙarami ne a Kano, na masu gyaran motocin Jamus kaɗai, ba zan kama sunansa ba. An kai ta ne don a ƙara mata ƙarfi da kwamfuta, sai maigidan garejin ya ce ba zai taɓa ƙwaƙwalwar motar ba sai an toshe duk inda take yoyo, an kuma tabbatar da lafiyar hanyar ruwa da ta fetur. Ina ganin gaskiyarsa, kuma saboda wannan ne zan iya tura wani wurinsa.

Injin N54 lita 3 ne, silinda shida a jere, da turbo (na'urar da ke cusa wa injin iska da matsi) biyu ƙanana. Daga kamfani yana ba da ƙarfin doki 306 da ƙarfin juyi Nm 400. Gindin injin yana da ƙwari, shi ya sa masu son gudu suke rububinsa. Kayan da ke kewaye da shi ne ba sa jure tsufa: roba, filastik, famfuna. Mota mai wannan shekarun da ta shigo daga Amurka, da wuya ka same ta babu biyu ko uku daga cikin matsalolin da aka san injin da su.

Sun fara da sa mata kwamfuta, da manhajar ISTA ta BMW, ba ƙaramar na'urar nan da ke goge fitila kawai ba. Suka duba matsin fetur: ɓangaren famfon tanki ya kamata ya tsaya wajen bar 5, na babban famfo kuma wajen bar 50 idan mota tana tsaye a kunne, ya hau sosai idan an taka totur. Wannan babban famfon shi ne ya fi yin ƙaurin suna a N54, har kamfanin ya kira motocin a Amurka a 2010 don canja shi, ya kuma tsawaita garantinsa zuwa shekara 10 ko mil 120,000. Alamar lalacewarsa ita ce mota ta daɗe tana juyi da safe kafin ta tashi, ko ta yanke ƙarfi a tsakiyar gudu. Na wannan motar lafiya lau yake, kuma ba su ce a saya ba. Wani garejin da tuni ya rubuta shi a lissafi.

Yoyon baƙin mai wuri biyu ne. Na farko fakin gidan filtar mai. Robar ce ke bushewa da zafi, man ya riƙa tsiyaya a gaban injin. Mutane da yawa suna raina wannan yoyon saboda ba ya ɗiga a ƙasa da yawa, alhali yana cikin mafi haɗari a motar: man yana sauka a kan fanbel, fanbel ya kumbura ya zame, ya naɗe a bayan fuli, sil ɗin gaban kiranshaf ya haɗiye gutsattsarinsa zuwa cikin injin. Idan suka toshe rariyar famfon mai, injin ya tafi. Sun canja fakin, suka canja fanbel da abin da ke ɗaure shi, suka wanke wurin tas. Na biyu murfin saman injin. Filastik ne, kuma bawul ɗin da ke fitar da tururin mai a jikinsa yake. Sun ƙi canja fakin kaɗai, suka nuna tsagar da ke gefen murfin, aka sa sabo gaba ɗaya. Daidai ne, domin murfin da ya tsage ko sau nawa aka canja masa faki zai ci gaba da jiƙewa.

Inda suka fi burge ni shi ne hanyar ruwa. Famfon ruwan N54 na lantarki ne, ba fanbel ke juya shi ba, kuma ba ya yin gargaɗi sosai kafin ya mutu. Sai dai ka ji fankar lagireto tana ihu babu dalili, daga nan fitilar zafi ta kama rawaya, ta koma ja. Sun canja shi tare da tamostat, da sababbin kusoshi, saboda kusoshin alminiyam ne, sau ɗaya ake ɗaure su. Ba su cire tamostat sun yar ba kamar yadda aka saba yi wa motoci a nan da sunan wai ƙasarmu da zafi. A wannan injin kwamfuta ce ke sarrafa shi, cire shi ba ya maganin zafi, sai dai ya ruɗa lissafin motar. Ruwan da suka zuba shuɗin nan ne na BMW, rabi da rabi da tataccen ruwa, ba na burtsatse ba, jimla wajen lita 8. Sannan suka fitar da iska yadda ya kamata: a haɗa caja a batir, a kunna makulli ba tare da tayar da injin ba, a kai hita ƙarshen zafi, fankar ciki a mafi ƙanƙanta, a danne totur har ƙasa na daƙiƙa 10. Famfon zai yi ta aiki shi kaɗai wajen minti 12. Bakaniken da bai san wannan ba, kada ka bar shi ya buɗe maka tiyo ko ɗaya.

Sai wankin bawul. Injin yana fesa fetur kai tsaye cikin silinda, don haka fetur ba ya bi ta bayan bawulolin shigar iska balle ya wanke su. Tururin mai yana taruwa a can ya daskare kamar ƙanzon tukunya. Maganin da ake zubawa a tanki ba ya kaiwa wurin, asarar kuɗi ce. Sun cire manifol, suna juya injin da hannu har bawulolin silindar da za a wanke su rufe, suka fesa niƙaƙƙen ɓawon wolnot (wani ɗan itace mai ɓawo mai tauri) da iska, injin zuƙa yana kwashewa. Sun ɗauki hoton kowace kafa kafin da bayan aiki, kuma sun sa sababbin fakin manifol guda shida. Bambancin ya fito a yadda motar ke tsayawa a kunne da safe, rawar nan ta ragu ƙwarai.

Filogi sun sa na kamfanin NGK, wanda ya fi na asali saurin fitar da zafi da mataki ɗaya, suka matse bakinsa zuwa wajen milimita 0.55, domin idan iskar turbo ta ƙaru, baki mai faɗi yana sa wuta ta riƙa ɗaukewa. Sun ɗaure da sifana mai awo a Nm 23. Kwayil shida duka sababbi. Injekta ba a taɓa ba, tunda duk masu lamba 12 ne a ƙarshe, wato sabon zubi, kuma lambobin da ke jikinsu sun yi daidai da na cikin ƙwaƙwalwa. Baƙin mai lita 6.5, 5W-40 mai shaidar LL-01 ta BMW. Motar ba ta da sandar awon mai, a allo ake dubawa, sai injin ya yi zafi.

Giyar ZF ce mai hawa shida. An canja farantin ƙasa, wanda filta ke manne a jikinsa, da robar da wayoyi ke shiga ta ciki, aka cika da ZF Lifeguard 6 injin yana kunne, man yana wajen digiri 40.

Ga inda suka yi sake. Bututun filastik da ke kai iska bakin totur yana fashewa idan an ƙara matsi, don haka aka sa na alminiyam. Yaron da ya ɗaura ya mayar da tsohuwar robar zobe, kuma ƙarfen da ke riƙe bakin bai zauna sosai ba. A gwajin farko a hanyar Zariya motar ta yanke ƙarfi, ta nuna lambar 30FF, ma'ana iskar turbo ba ta kai yadda aka nema ba. Da sun yi gwajin hayaƙi (hura hayaƙi cikin bututun iska don gano yoyo) bayan sun haɗa, kamar yadda suka yi kafin su fara, da sun gani tun mota tana kan jak. Sun gyara ba su karɓi komai ba, amma aikin minti goma ne aka tsallake. Kuma ba sa ba da takardar abin da aka canja da lambobin kayan sai ka matsa. Ga mai niyyar sayar da mota wata rana, wannan takardar kuɗi ce.

Ƙarin ƙarfin da kansa bai ɗauki rabin awa ba. Da manhajar MHD, wadda ke sauya tsarin ƙwaƙwalwar motar, aka yi, mataki na ɗaya, kuma suka zaɓi tsarin da aka yi wa fetur mafi ƙarancin okten, wato ma'aunin juriyar fetur ga matsi. Wasu za su ce rowa ce, ni ban ga haka ba. Gidajen manmu ba sa rubuta okten a famfo, na yau daban na gobe daban, ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40. Matsin turbo ya tashi daga wajen bar 0.6 zuwa wajen 0.9, kuma ana jinsa tun daga ƙasa, musamman wajen wuce tirela. Bayan sun ɗora, sun ɗauki bayanan gudu a giya ta uku daga juyi 2,500 har sama, suna duba ko ƙwaƙwalwa tana janye lokacin wuta a wata silinda. Taku na farko babu komai. A na uku a jere zafin iskar shiga ya hau, ta fara janyewa kaɗan, wanda ke nuna ƙaramin intakula (na'urar sanyaya iskar turbo) na kamfani ya kai iyakarsa. Shawararsu ita ce a sa babba kafin a yi maganar mataki na biyu, na kuma yarda. Wanda motarsa ba ta zo da na'urar sanyaya baƙin mai ba, don ba duka ke da ita ba, ya leƙa gaban tayar gaba ta dama ya tabbatar, ya fara da ita kafin komai.

Abin da ya rage shi ne ƙarar kacau-kacau daga ƙofofin turbo, masu daidaita matsinsa, idan an saki totur. Sandunan ƙofofin ne suka sassauta da tsufa. Gyaran gaske sai an sauke turbo biyun, kuma sun ce tunda matsi yana kaiwa inda ake so, a bar su har sai 30FF ta dawo ba tare da yoyon iska ba. Filtar iska kuma sun bar ta kamfani, suka ce a riƙa dubawa duk wata idan hunturu ya shigo da ƙura.